BA A SANIN MACI TUWO SAI MIYA TA ƘARE: YADDA ZA MU AUNA YARANMU 'YAN ƘWALLON KWANDO RANAR DA MANYA SUKA HUTA

Jawabin Kwamitin Matasa da Wasanni a Babban Taron Shekara-shekara, Birnin Zariya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



GABATARWA

Muna sane da cewa wasu daga cikin iyayenmu za su yi mamakin jin cewa, a taron da aka saba tattauna maganar ruwan sha da magudanai da gyaran makarantu da maƙabartu, yau an ware lokaci domin ƙwallon kwando. Muna neman afuwa, muna kuma roƙon a ara mana kunne, domin akwai dalili. Dalilin shi ne wata 'yar ƙura da ta tashi a tsakaninmu bayan gasar dogon hutu da wannan ƙungiya ta ɗauki nauyi, wadda har yanzu ba ta gama kwantawa ba.

Kamar yadda aka sani, ƙungiya ta amince da ba yaro ɗaya tallafin karatu, haɗe da kuɗin zuwa sansanin horo, daga cikin yaran cikin ganuwa da suka yi fice a wannan wasa. A wasan ƙarshe na rukuni tawagar yaranmu ta riga ta tsallake zuwa zagaye na gaba, saboda haka mai horarwa ya zaunar da manyan 'yan wasansa biyar, ya saki 'yan benci. Wani yaro da bai cika samun shiga fili ba ya ci maki 31 a ranar. Kafin a yi sallar isha'i bidiyonsa ya zaga zaurukanmu na WhatsApp, kafin wayewar gari kuwa waya ta fara shigowa daga Kaduna da Abuja da Legas, kowa yana cewa ai an samu gwani, magana ta ƙare. Da kwamiti ya zauna, sai ya ba da tallafin ga wani yaron dabam, wanda maki 9 kacal ya ci a wannan rana. Nan fa aka ce an yi son kai, wasu suka ce an duba gidan da yaro ya fito, har wani dattijo da muke girmamawa ya dakatar da gudummawarsa.

Ba mu ce mun fi ƙarfin kuskure ba. Mun zo ne mu shimfiɗa ma'aunin da muka yi aiki da shi a gaban kowa, domin kuɗin jama'a ne, makomar 'ya'yan mutane ce kuma. Tambayar da za mu yi ƙoƙarin amsawa ita ce: idan manya suka huta, ƙanana suka samu fili, yaya ya kamata a fahimci abin da suka yi a ranar?

ZARIYA DA ƘWALLON KWANDO

Kafin mu shiga ma'aunin, ya kamata mu tuna cewa Zariya ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Wani malamin motsa jiki mai suna James Naismith ne ya ƙago wasan a garin Springfield na Amurka a 1891. A ƙasarmu ta makarantu ya bazu, a Arewa kuwa da wuya a samu inda ya yi saiwa kamar Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962. A can ne wani Ba'amurke, Oliver B. Johnson, wanda almajiransa ke kira OBJ, ya shafe shekaru masu yawa yana horar da ɗalibai da yaran gari.

Cikin yaran da suka ratsa ta hannunsa akwai Masai Ujiri. An haife shi a Ingila a 1970, aka dawo da shi gida yana ƙarami, ya tashi a nan Zariya inda iyayensa ke aikin asibiti. Ƙwallon ƙafa ya fara bugawa kamar sauran yara, sai da ya kai shekara 13 sannan ya koma kwando. Ya tafi Amurka karatu, ya yi 'yan shekaru yana wasa a Turai, amma ba a cikin fili ya yi suna ba. A 2002 ya karɓi aikin nemo wa kulob ɗin Orlando Magic haziƙan 'yan wasa ba tare da albashi ba, yana yawo ƙasa-ƙasa da kuɗin aljihunsa. A 2010 ya zama babban manajan Denver Nuggets, ɗan Afirka na farko da ya riƙe irin wannan muƙami a gasar NBA ta Amurka. A 2013 aka zaɓe shi gwarzon shugabannin kulob na shekara, a shekarar kuma ya koma Toronto Raptors ta Kanada, inda ya zauna har 2025. A hannunsa kulob ɗin ya ɗauki kofin NBA a 2019, karo na farko da kofin ya ƙetare iyakar Amurka.

Abin da ya kai wannan ɗan Zariya inda ya kai shi ne ido, wato iya kallon ɗan wasa a gane abin da zai zama. To, idan garinmu ya ba duniya mai irin wannan ido, abin kunya ne a ce mu a gida muna yanke hukunci a kan yaro da bidiyon minti biyu. Haka kuma dole mu yarda cewa wannan arziki ya zame mana inuwar giginya. Galibi a bayan ganuwa ya tsiro, a Samaru da Kongo da Sabon Gari, yaran Kwarbai da Kaura da Limancin Kona kuwa sai sun fita ta Ƙofar Doka sun hau mota kafin su ga fili mai kyau. Neman gyara wannan ne ya sa ƙungiya ta shiga harkar tun farko.

DALILIN HUTAR DA MANYA

Domin amfanin waɗanda ba su saba da wasan ba, mutum biyar ne ke cikin fili daga kowane ɓangare, sauran suna zaune a benci, wanda aka fitar kuma yana iya komawa. Wasa ne na tsalle da birki da juyi a kan daɓe mai tauri, saboda haka gwiwa da idon sawu da agara su ne ke shan wahala. A gasar NBA kowane kulob yana buga wasa 82 cikin kimanin wata shida, kowane wasa minti 48, wani lokaci a buga yau a wannan gari, gobe a wancan. Mai horarwa mai hangen nesa yakan gwammace ya rasa wasa ɗaya da ya rasa gwaninsa a lokacin da ake neman kofi.

A ranar 29 ga Nuwamba, 2012, Gregg Popovich, mai horar da San Antonio Spurs, ya sallami manyansa huɗu, Tim Duncan da Tony Parker da Manu Ginobili da Danny Green, suka koma gida, alhali a daren za a kara da Miami Heat mai riƙe da kofi, kuma za a nuna wasan a talabijin a duk faɗin Amurka. Wasa na huɗu ke nan da za su buga cikin kwana biyar. Hukumar gasar ta fusata, ta ci kulob ɗin tarar dala 250,000. Amma 'yan bencin da ya bari sun riƙe Miami har mintocin ƙarshe, aka tashi 105 da 100. Wasu daga cikinsu, irin su Tiago Splitter da Boris Diaw da Patty Mills, suna cikin waɗanda suka taimaka aka doke Miami ɗin aka ɗauki kofi a 2014. Al'adar hutar da manya ta ci gaba da yaɗuwa, har a 2023 hukumar ta tsaurara doka, ta kuma gindaya cewa sai ɗan wasa ya buga aƙalla wasa 65 kafin ya cancanci manyan kyaututtukan shekara.

Mu a nan dalilanmu sun sha bamban, amma sakamakon ɗaya ne. Manyan yaranmu sukan rasa wasa saboda jarrabawar kammala sakandare, ko rauni, ko an tura su gona ko kasuwa, ko kuma mai horarwa ya tausaya musu a watan azumi. Ta kowace hanya aka bi, rana takan zo da ƙanana ke riƙe da fili. Ranar tana da amfani ƙwarai, domin ita ce kaɗai damar da muke samu mu ga yaron benci yana ɗauke da kaya mai nauyi. Tana kuma da haɗari, domin ta fi kowace rana yaudarar ido.

MISALAI BIYU DAGA GIDA ƊAYA

Bari mu koma wurin ɗan garinmu, domin a kulob ɗinsa an ga fuska biyu na wannan al'amari.

A watan Yulin 2018 Ujiri ya yi wata kasada. Ya ba da DeMar DeRozan, ɗan wasan da mutanen Toronto suka fi ƙauna, ya karɓo Kawhi Leonard daga San Antonio, mutumin da wasa 9 kacal ya buga a kakar da ta gabata saboda ciwon cinya. Likitocin kulob suka tsara masa hutu. Cikin wasa 82 ya buga 60, ya zauna a 22, Toronto kuma ta ci 17 daga cikin waɗannan 22.

Wanda ya fi cin moriyar wannan hutu shi ne Pascal Siakam, ɗan Kamaru, wanda aka ɗauka a matsayi na 27 a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2016. A kakar da ta gabata, yana ɗan benci, matsakaicin abin da yake ci a kowane wasa maki 7.3 ne. A wannan kaka ya kai 16.9. A ranar 13 ga Fabrairu, 2019, Leonard bai buga ba, Siakam ya zuba wa Washington maki 44. Da a nan labarin ya tsaya, da sai mu ce rana ce ta yi masa kyau. Amma da aka zo karon ƙarshe da Golden State Warriors, masu riƙe da kofin 2017 da na 2018, ga Leonard a cikin fili, a wasan farko Siakam ya ci maki 32, ya yi jifa 17, guda 14 suka shiga. A wasa na shida, wanda da shi aka ɗauki kofin, ya ci 26. Fred VanVleet, wanda babu kulob ɗin da ya ɗauke shi a zaɓen 2016, ya taso daga benci ya ci 22, guda 12 a cikinsu a zangon ƙarshe. Leonard kuwa, da ya sha hutu, ya buga duka wasanni 24 na zagayen fitar da gwani.

Misali na biyu shi ne Malachi Flynn, wanda Toronto ɗin ta ɗauka a matsayi na 29 a 2020. A ƙarshen kakar 2020 zuwa 2021 kulob ɗin ya fid da rai da kofi, ya riƙa zaunar da manyansa, Flynn ya samu fili, har aka zaɓe shi gwarzon sababbin 'yan wasa na watan Afrilu a shiyyar gabas. Da manya suka dawo a kaka ta gaba, sai ya koma benci, bai ƙara samun gindin zama ba. A ranar 3 ga Afrilu, 2024, yana Detroit, kulob ɗin da ya ƙare kakar da nasara 14 kacal cikin wasa 82, ya ci maki 50 a karawa da Atlanta, duk da haka aka ci su. A wasan da ya biyo baya maki 3 ya ci.

Gida ɗaya ne ya ɗauko waɗannan samari biyu, dukansu kuma sun haskaka ranar da babu manya. Ɗaya ya zama ginshiƙi, ɗaya bai zama ba. Idan har ƙwararrun da ake biya miliyoyi suna buƙatar lokaci kafin su bambance su, mu ma ya kamata mu sassauta gaggawa.

TAMBAYOYI BIYAR

Daga waɗannan misalai, da kuma abin da masu horar da yaranmu suka koya mana, muka tsayar da tambayoyi biyar da muke yi kafin mu yarda da abin da takardar maki ta nuna.

Ta farko: da wa ya kara, kuma a wane hali? Maki 20 a kan tawagar da ke neman tsira ya fi maki 30 a kan wadda aka riga aka fitar, ko wadda ita ma ta zaunar da manyanta. Haka nan makin da aka ci lokacin da ake kunnen doki ya fi wanda aka ci bayan an ba da tazarar da ba za a kamo ba, lokacin da kowa ya saki jiki yana jiran usur. Mun ga wannan a tawagar ƙasarmu. A watan Yulin 2021 Nijeriya ta doke Amurka 90 da 87 a wasan sada zumunci a Las Vegas, karo na farko da wata ƙasar Afirka ta yi haka. Abin alfahari ne, ba mu rage masa komai ba. Amma a lokacin wasu 'yan wasan Amurka uku suna can suna buga wasan ƙarshe na NBA, sauran kuma ba su daɗe da haɗuwa ba. Da aka je gasar Olamfik a Tokyo, Amurka ta ɗauki zinare, Nijeriya ta sha kashi a duka wasanninta uku.

Ta biyu: jifa nawa ya yi kafin ya tara makin? Wannan ce tambayar da bidiyo ke ɓoyewa, domin mai ɗaukar bidiyo waɗanda suka shiga kaɗai yake turowa. Idan manya suka zauna, jifan da suka saba yi ba ya ɓacewa, dole wani ya yi shi, wanda ya fi kowa ƙarfin hali kuma shi ke kwashe kaso mafi tsoka. Saboda haka hauhawar maki a irin wannan rana abu ne da ake tsammani. Abin dubawa shi ne nawa suka shiga cikin nawa, sau nawa kuma ya zubar da ƙwallo ga abokan hamayya. Wani masanin lissafin wasa, Dean Oliver, ya bayyana a farkon shekarun 2000 cewa abubuwa huɗu ne ke kawo nasara: ingancin jifa, da rage zubar da ƙwallo, da cafe wadda ta dawo daga kwando, da samun jifan da alƙali ke bayarwa idan an yi wa mutum ƙeta. Har ila yau an lura cewa duk lokacin da aka ƙara wa ɗan wasa nauyi, ingancinsa yakan ragu. Siakam kansa bai tsira ba. Bayan Leonard ya bar Toronto a 2019, makinsa ya hau zuwa 22.9, amma jifansa da ke shiga ya sauko daga kashi 55 cikin ɗari zuwa kashi 45, domin yanzu shi ne ake sa wa mai tsaro mafi ƙarfi. Raguwar ba laifi ba ce. Abin da muke nema shi ne yaron da ingancinsa ya ragu kaɗan, ba wanda ya rushe ba.

Ta uku: sau nawa ya yi haka? Wasa ɗaya ba hujja ba ne. Wanda ya taɓa riƙe ƙwallo ya san akwai ranar da kwando ke zame wa mutum kamar bakin rijiya, akwai kuma ranar da yake tsukewa kamar bakin kwalba. Maki 50 da maki 3 na Flynn kwana biyu ne tsakaninsu. A lissafinmu muna tara duk mintocin da yaro ya buga a gasa, mu duba abin da ya yi a cikinsu gaba ɗaya. Muna kuma guje wa wani kuskure da masu son lissafi ke yi, na cewa wanda ya ci maki 6 a minti 8 zai ci 30 idan an ba shi minti 40. Gajiya tana da nata hukunci, abokan hamayya kuma suna gane mutum idan ya daɗe a gabansu.

Ta huɗu: me ya yi wanda takarda ba ta rubutawa? Rabin wasa tsaro ne, amma kaɗan daga cikinsa ke shiga takarda. Shin yana komawa gida da gudu idan an ƙwace ƙwallo, ko yana tsayawa yana yi wa alƙali ƙorafi? Yana tare wa ɗan'uwansa hanya domin ya samu sarari? Yana magana da 'yan'uwansa, yana nuna musu wanda ya kuɓuce? Idan ƙaninsa ya yi kuskure, yana ƙarfafa masa gwiwa ko yana harararsa? Ranar da babu manya ita ce ranar da ake ganin wanda zai iya jan ragama. Mukan kuma rubuta yadda sakamako ya kasance lokacin da yaro ke cikin fili da lokacin da ya fita, ko da yake wannan ma sai an tara wasanni da yawa kafin ya yi ma'ana.

Ta biyar, wadda ta fi sauran nauyi: abin da ya nuna, zai yi amfani idan manya suka dawo? Ƙwallo ɗaya ce a fili. Yaron da ba ya iya komai sai tana hannunsa, ranar da gwanaye suka dawo ba shi da aikin yi. Wanda ya iya tsaro, da cafe ƙwallo, da jifa da zarar an miƙo masa, da gudu ba tare da ita ba, kowace tawaga tana da gurbinsa. Da wannan Siakam da VanVleet suka tsaya kusa da Leonard ba tare da sun tare masa hanya ba.

Akwai kuma gargaɗi ta ɗaya ɓangaren, domin adalci. Kada a yanke wa yaro hukunci saboda ya dushe a ranar da manya suka huta. Dogon yaron da ke tsayawa ƙarƙashin kwando yana rayuwa ne da abin da aka miƙo masa. Idan mai rabon ƙwallo yana benci, zai iya yini yana ɗaga hannu babu wanda ya gan shi. Wannan rana ba ta nuna kasawarsa ba, ta nuna irin abokin da yake buƙata.

YARANMU BIYU

Yanzu sai mu ɗora yaranmu a kan wannan ma'auni, ba tare da ambaton suna ba, domin yara ne, kuma dukansu namu ne.

Na farko ya ci maki 31 daga jifa 33, ya zubar da ƙwallo sau 8. Tawagar da aka kara da ita an riga an fitar da ita, da 'yan wasa bakwai ta zo. A sauran wasanni biyar bai taɓa wuce maki 6 ba, mai horarwa kuma ya sha fitar da shi saboda rashin komawa tsaro. Na biyu ya ci maki 9 daga jifa 6, ya cafe ƙwallo 11, ya miƙa 7 da aka ci, shi ne kuma ya riƙe ɗan wasan da ya fi haɗari a ɗaya ɓangaren. Abin da ya yi a ranar shi ne abin da ya yi a kowane wasa. Da manya suka dawo a wasan kusa da na ƙarshe, shi ne na farko da aka kira daga benci, bai kuma sake zama ba har aka tashi. Sakamakonsa na makaranta, wanda shi ma sharaɗi ne, ya cika.

Wannan ba ya nufin mun yar da na farkon. Yaro ɗan shekara 15 da ba ya tsoron jifa a gaban jama'a yana da abin da ba a koyarwa. Abin da ya rage masa kuwa ana koyar da shi. Mun zauna da shi da mahaifinsa, mun nuna musu takardun, mun kuma haɗa shi da wanda zai horar da shi a kan tsaro. Ƙofa a buɗe take gare shi a shekara mai zuwa.

Laifin da muka yarda mun yi shi ne, ba mu bayyana wannan ma'auni ba kafin a fara gasa. Da mun yi haka, da ba a kai ga zargi ba. Muna neman gafarar duk wanda ransa ya ɓaci, musamman babanmu da ya dakatar da gudummawarsa, muna kuma roƙonsa, don girman Allah, ya dubi waɗannan takardu ya dawo cikinmu.

ABIN DA YA SHAFE MU A ƘUNGIYANCE

Iyayenmu a wannan birni sun san wannan hikima tun kafin a kawo ƙwallo. Malamin allo idan zai yi tafiya yakan bar makaranta a hannun gardi. Idan ya dawo ba ya tambayar maƙwabta ko sun ji ƙarar karatu, allunan yara yake bi ɗaya bayan ɗaya ya ga wanda aka biya wa daidai. Mai ɗinkin babbar riga ma yakan bar wa yaronsa wani sashe na aska ya fita, idan ya dawo ya juya bayan ƙyallen ya duba, domin a nan ake gane hannu. Dukansu da gangan suke matsawa, suna da rai da lafiya, domin su gyara abin da suka gani.

Mu dubi kanmu. Shekara nawa fuskoki ɗaya ke riƙe da kwamitocinmu a gida da rassa? Matasanmu, masu digiri da masu sana'a, aikinsu a taro shi ne jera kujeru da rabon ruwa. Ba ma ba su ragama sai ranar da ciwo ko rasuwa ta tilasta mana, sannan mu auna su da wannan rana guda: wanda ya iya zuba jawabi mu ce an samu shugaba, wanda ya yi tuntuɓe mu ce yaran yanzu ba su iya komai ba. Kuskuren da aka so mu yi a filin ƙwallo ke nan.

SHAWARWARI

Bisa ga abin da ya gabata, kwamiti yana gabatar wa wannan taro shawarwari kamar haka:

1. A rubuta sharuɗɗan tallafi da wannan ma'auni, a raba wa iyaye da masu horarwa da rassa kafin kowace gasa.

2. A horar da matasa biyu ko uku a kan rubuta cikakkiyar takardar wasa, wadda za ta ƙunshi jifan da ya shiga da wanda bai shiga ba, da mintoci, da zubar da ƙwallo.

3. A wajabta wa masu horarwa su ba kowane yaro mintoci masu ma'ana a wasanni da dama, wani lokaci tare da manya, wani lokaci ba tare da su ba.

4. 'Yan'uwa mazauna birane su taimaka a samu fili mai daɓe da fitila a cikin ganuwa. Gidauniyar Giants of Africa, wadda Ujiri ya kafa a 2003, ta ƙaddamar da shirin gina filaye 100 a Afirka a 2021. Babu laifi mu rubuta mata, amma mu fara da namu tubalin.

5. A duba yadda za a shigar da 'yan mata cikin tsari da ya dace da addininmu da al'adarmu. Tawagar matan Nijeriya ta ɗauki kofin Afirka sau biyar a jere, daga 2017 zuwa 2025.

6. Kowane kwamiti na ƙungiya ya ɗauki matashi mataimaki, ya bar masa aiki na gaske aƙalla sau biyu a shekara, a kuma duba aikin bayan an gama.

KAMMALAWA

Ya ku iyayenmu da 'yan'uwa, musamman ku da ke nesa da gida, mun san ƙaunar garin nan ce ta sa kuka ɗaga waya a wancan dare, muna kuma godiya. Roƙonmu shi ne, idan bidiyo ya sake zuwa muku, ku yi murna, ku sa wa yaron albarka, sannan ku tambaye mu da wa aka kara, jifa nawa ya yi, me ya yi jiya da shekaranjiya. Idan muka kasa amsawa, ku tuhume mu.

Allah Ya raya mana zuriyarmu, Ya shirye su, Ya ba mu ikon yi musu adalci. Allah Ya ja zamanin Sarki, Ya ƙara wa ƙasar Zazzau zaman lafiya da arziki, Ya mai da kowa gidansa lafiya.